Daga Zango zuwa Mando: Tarihin Saukar Baƙon Ibada

A ƙarni na huɗu bayan haihuwar Annabi Isa (AS), wani sarkin tsibirin Siri Lanka mai suna Meghavanna ya aika wa Samudragupta, babban sarkin arewacin Indiya, da kyaututtuka masu daraja, yana neman alfarma guda ɗaya tak: a ba shi izini ya gina wa mutanensa masauki a garin Bodgaya, inda mabiya addinin Buda suka yi imani cewa jagoransu ya sami wayewar zuciya a gindin wata bishiya. Dalilin roƙon kuwa shi ne, waɗansu sufaye da suka je ziyara daga tsibirin sun komo gida suna kukan cewa sun rasa inda za su sa haƙarƙarinsu a ƙasar mutane. Aka ba shi izini, ya gina. Bayan shekara wajen ɗari tara, a tsakiyar ƙarni na goma sha uku, mutanen daular Kanem suka yi irin wannan a birnin Alƙahira. Suka ba da dukiya aka gina makarantar da aka sani da sunan Ibn Rashiƙ, ta zama masaukin ɗalibansu da alhazansu masu wucewa zuwa Makka. Daga baya Mai Idris Aloma na Barno, shi ma da ya sauke farali a ƙarni na goma sha shida, ya tanadar wa alhazan ƙasarsa masauki a Makka.

Waɗannan sarakuna ba su san juna ba, addininsu ma ba ɗaya ba ne, kuma ba aƙidunsu nake gwadawa ba. Abin da ya haɗa su shi ne sun gane cewa mai tafiyar ibada yana iya jure yunwa da rana da nisan hanya, amma ba ya son dare ya yi masa a hannun wanda bai san abin da ya fito da shi daga gida ba.

Daga Mando nake wannan rubutu, unguwar da ke arewa maso yammacin birnin Kaduna, a bakin hanyar da ta nufi Birnin Gwari ta zarce Legas. Duk wanda ya san Mando ya san wuri ne na wucewa. Ga tashar motocin da ke lodin Kontagora da Ilori da Legas. Ga sansanin sojojin sama, inda tsohon filin jirgin Kaduna yake kafin a buɗe sabon a 1982. Ga hanyar sabon filin jirgin, ga makarantar horar da hafsoshin soja a Afaka. Sannan ga Sansanin Alhazai, inda maniyyatan jihar suke taruwa kowace shekara kafin jirgi ya ɗebe su zuwa ƙasa mai tsarki. Dubban mutane suna ratsa Mando kullum, amma 'yan kaɗan ne suke kwana a ɗakin da suka biya kuɗinsa.

Wannan ne ya dami wani maƙwabcina, dattijo mai ɗan ƙaramin otal a bayan titi. Ɗansa ya yi karatu a Indiya, ya dawo yana ba shi labarin yadda ya ga ƙananan otal-otal a Bodgaya cike maƙil da baƙi daga Tailan da Japan da Biyetnam, waɗanda ibada da son ganin wuraren tarihi suka kawo su. Dattijon ya same ni ya ce, "Malam, kai da ka iya alƙalami, ka rubuta mini talla mai daɗi a sa a intanet, ko mu ma baƙin waje su san da mu." Na ce, "Alhaji, wane baƙo kake nufi, kuma me zai zo yi?" Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Wannan tambaya ce ta mayar da ni ga tarihi, domin sana'ar da yake neman a koya masa daga Indiya, kakanninsa sun yi ta shekaru ɗaruruwa kafin a kafa garin Kaduna.

A zamanin fatauci, idan ayari ya tashi daga Kano zai tafi Gwanja sayen goro, madugu ne yake jagorantarsa a daji, amma da zarar an shiga gari sai al'amari ya koma hannun fatoma, wanda a zangunan kurmi aka fi kira mai gida. Aikinsa ya wuce ba da ɗaki da tabarma. Shi ne mai ciyar da baƙo daga tukunyar matansa. Shi ne mai ajiye masa kaya da kuɗi. Shi ne tafintansa a gaban mutanen da ba su jin Hausa, shi ne mai haɗa shi da dillali, shi ne kuma mai tsaya masa idan rigima ta kai gaban sarki ko alƙali. Abin mamaki ga ɗan kasuwar yau shi ne, mai gida ba ya karɓar kuɗin kwana. Daga la'adar cinikin da aka ƙulla a ƙarƙashin inuwarsa yake samun nasa. Saboda haka ribarsa tana ɗaure da nasarar baƙonsa: in tafiyar baƙo ta yi kyau ya ci, in ta ɓaci ya yi asara tare da shi.

Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916, ya kuma wallafa bincikensa a 1969. Ya nuna yadda masu gidajen Sabo suke riƙe da cinikin shanu da na goro tsakanin Arewa da Kudu. Falke yakan kawo shanunsa daga nesa, a sayar wa mahautan Yarbawa bashi, ba takarda ba sa hannu. Mai gida ne yake lamuncewa. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gida zai biya daga aljihunsa, domin ya san ranar da aka ji a kasuwannin Arewa cewa kuɗin baƙo ya salwanta a gidansa, ranar ce gidansa zai zama kango. Wannan shi ne tallan mai gida. Ba shi da allo a ƙofar gida, ba shi da mai shela. Baƙon da ya sallama bara shi ne yake turo masa na bana, har ɗa ya gaji masaukin ubansa kamar yadda yake gadon gona. In kuma ana gasa, sai ya tura yaransa bakin gari ko tashar jirgin ƙasa su tari ayari, su ɗauki kaya, su kira sunan mai gidansu, sunan kuwa ya isa.

Wannan tsari ne ya ɗauki nauyin mahajjata a lokacin da ake zuwa Makka a ƙasa. Hanyar gabas ta ƙara cika bayan yaƙin Burmi na watan Yulin 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira tare da jama'a mai yawa, har suka zauna a bakin Shuɗin Kogin Nilu kusa da Sannar a ƙasar Sudan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga nan hanya ta zama sananniya: Kano zuwa Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort Lami wadda ake kira Injamena a yau, a bi ta Abeshe, a shiga Darfur ta Jinaina, a kai Ubayyid inda layin dogo ya iso a 1912, sannan Khartum, sannan Sawakin a bakin Bahar Maliya, a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Talaka ba ya yin wannan tafiya a shekara guda. Yakan tsaya ya yi ƙodago, ya yi noma, ya tsinci auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sannar a 1925, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Akwai wanda ya bar gida da ƙuruciya ya dawo da furfura, akwai wanda ya haifi 'ya'ya a hanya suka girma ba su san ko Kano ko Makka ba, akwai kuma da yawa da ƙasa ta rufe idonsu a tsakani.

Kakata ta wajen uwa tana yarinya aka bi da ita wannan hanya. Abin da ya fi zama a ranta, har ta tsufa tana maimaitawa, shi ne a kowane gari suka sauka akwai zangon Hausawa, akwai kuma sarkin zango da ake kai baƙo wurinsa. Shi zai tambayi daga ina, 'ya'yan wane ne, sannan ya raba su gidaje. Kafin su tashi zai gaya musu gidan wanda za su nema a gari na gaba, da rijiyar da ta ƙafe, da dajin da ba a ratsawa sai an yi ayari. Ba ta taɓa ambaton kyan ɗaki ko laushin shimfiɗa ba. Dama Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan, da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

A can Hijaz ma haka abin yake. Kowane yanki na duniyar Musulmi yana da gidajen muɗawwifai da suka gaji hidimarsa, sun ji harshensa, sun san abincinsa da mazhabarsa. Sukan tura wakilai har ƙasashen mahajjata su nemo baƙi tun kafin lokaci, kuma mahajjaci yana sauka Jidda akan tambaye shi sunan muɗawwifinsa. Wato dai tun daga zauren da ya fito har inuwar Ka'aba, hannu ne yake miƙa shi ga hannu.

Jirgi ne ya tsinka wannan sarƙa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji ta jirgin ruwa a 1921, ya biya ta Ingila, amma wannan hanya ce ta sarakuna da attajirai. A ƙarshen shekarun 1940 waɗansu 'yan kasuwar Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka shiga jigilar alhazai da manyan motoci, tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Ba a jima ba jirgin sama ya fara ɗiba daga Kano, ta koma ta sa'o'i. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko a 1955, abin da ya gani na wahalar 'yan ƙasarsa ya sa gwamnati ta tsoma hannu sosai, har Malam Abubakar Gumi ya zama jami'in kula da alhazan Nijeriya a Jidda a 1957. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 1977 yawan mahajjatan Nijeriya ya haura dubu ɗari, a 2006 kuma aka kafa hukumar da ake kira NAHCON. Sansanonin alhazai irin na Mando 'ya'yan wannan zamani ne.

Ba na cikin masu kukan a koma tafiyar ƙasa. Wanda ya san yawan kaburburan da ke tsakanin Abeshe da Sawakin ba zai raina jirgi ba, kuma babu wani mai gida, komai faɗin zaurensa, da zai iya saukar da mutum dubu a dare ɗaya. Amma ya kamata a faɗi abin da aka rasa. Hukuma ta karɓi aikin ba da makwanci, ba ta karɓi sauran ayyukan mai gida ba, domin ba irin waɗanda ake rubutawa a takardar aiki ba ne. Maniyyaci daga Giwa ko Lere ko Birnin Gwari yakan iso Mando da jakarsa da yunifom ɗinsa, a yi masa bita, a duba katin rigakafinsa, ya zauna jiran a kira sunansa a jerin jirgi. 'Yan rakiyarsa, waɗanda sau da yawa sun ninka shi yawa, su ne abin dubawa. Sukan kwana cikin mota, ko a masallaci, ko a gidan wani ɗan garinsu da ke Kawo ko Rigasa. A bakin sansanin kasuwa takan tashi ta 'yan makonni: masu shayi, 'yan canji, teloli, masu ɗaure kaya, masu sayar da yaji da kuka da kilishi. A 2020 da 2021, da annobar korona ta hana mahajjatan waje zuwa Makka, wannan kasuwa ba ta ci ba, mutanen unguwa kuwa sun ji a jikinsu. Duk da haka, ko a shekarar da ta fi cika, otal ɗin maƙwabcina da ke 'yan taku kaɗan daga nan ba ya cika.

Dalilin wannan ma yana cikin tarihi. Otal bai shigo ƙasar Hausa a matsayin magajin gidan fatoma ba. Da Turawa suka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, gidajen saukar baƙin da suka gina na jami'ansu ne, talaka ba ya kusantarsu sai in kuku ne ko boyi. Ƙananan otal-otal kuma a Sabon Gari suka tsiro, inda aka halatta sayar da giyar da hukumar gargajiya ta hana a cikin birni. Tun daga nan kalmar otal ta ɗauki wani wari a hancin Bahaushe, har ta kai dattijo ba ya son a ga motarsa a ƙofarsa. Manyan da aka gina daga baya, irin su Hamdala a farkon shekarun 1960, don ministoci da 'yan majalisa da baƙin gwamnati aka yi su. Otal ɗin Durbar kuwa don hawan dabar bikin FESTAC na 1977 aka gina shi. Biki ya watse, gini ya yi shekaru yana lalacewa ana shari'a a kansa, aka rushe shi a watan Janairun 2020. A tsawon wannan tarihi ban ga inda aka zauna aka gina otal da mai tafiyar ibada a zuciya ba. To yaya za a yi wanda ya ɗaura niyyar hajji, ko matar da ta rako mijinta, su ga wurin a matsayin nasu?

A nan ne labarin ƙasashen Buda yake da amfani, in an karanta shi gaba ɗaya. Wuraren ziyararsu manya guda huɗu ne: Lumbini a ƙasar Nepal inda aka haifi Buda, da Bodgaya, da Sarnat inda ya fara wa'azi, da Kushinagar inda ya rasu, ukun nan a Indiya. Sarki Ashoka ya ziyarci Lumbini wajen shekara 249 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kafa ginshiƙin dutse, ya kuma sassauta wa ƙauyen haraji. Amma da addinin ya ja baya a Indiya, wuraren suka zama kufai, daji ya cinye waɗansu, har sunayensu suka ɓace. Abin da ya taimaka aka gano su shi ne rubutun matafiya, musamman na wani sufi ɗan ƙasar Sin mai suna Shuwanzang, wanda ya koma gida a shekarar 645 bayan ya yi kimanin shekara goma sha shida yana yawo, ya rubuta nisan kowane zango da abin da ke cikinsa. Da littafinsa a hannu Alexander Cunningham, wanda ya shugabanci hukumar binciken kufai ta Indiya tun daga 1861, ya bi sawu yana tonowa. A 1891 wani ɗan Siri Lanka, Anagarika Dharmapala, ya kafa ƙungiyar Maha Bodhi don farfaɗo da ziyarar Bodgaya. A 1896 aka gano ginshiƙin Ashoka a Lumbini. A 1967 U Thant, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda shi kansa mabiyin addinin ne daga ƙasar Bama, ya ziyarci Lumbini ya ga halin da take ciki, ya yi kira a gyara. Wani magini ɗan Japan, Kenzo Tange, ya zana taswirar raya wurin da aka amince da ita a 1978. Hukumar UNESCO ta sa Lumbini cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, ta sa haikalin Bodgaya a 2002. Fiye da ƙarni guda ke nan ana aiki kafin ɗan maƙwabcina ya je ya tarar da ɗakuna a cike.

Masu otal na Bodgaya kuma ba da daɗin baki suka cika ɗakunansu ba. Sun koyi baƙonsu. Sun san lokacinsa sanyin hunturu ne, daga Oktoba zuwa Maris, lokacin da jirage suke sauka filin jirgin Gaya kai tsaye daga Tailan da Bama. Sun san ba shi kaɗai yake zuwa ba, ayari ne a bayan wani sufi ko malami, don haka wanda za a shawo kansa shi ne jagoran ayarin da kamfanin da ya shirya tafiyar, kamar dai yadda fatoma yake neman madugu. Sun san sufayen Tailan da Siri Lanka ba su cin abinci bayan rana ta take tsaka, sun san ayari yakan fita ibada tun kafin gari ya waye, sai suka juya lokutan girkinsu. Akwai otal-otal na Hokke a Rajgir da Lumbini da aka tsara wa Japanawa musamman, da irin shimfiɗarsu da wurin wankansu da abincinsu. Samarin garin sun koyi Japananci da harshen Tailan don su yi wa baƙi jagora. Kuma babban abokin gasarsu har yau shi ne jikan masaukin Meghavanna: kusan kowace ƙasa ta gina gidan ibadarta a Bodgaya, da ɗakunan baƙi a ciki, masu otal suna ƙorafin cewa waɗannan gidaje suna kwashe musu baƙi. Ashe ko a can, baƙon ibada ya fi son ya kwana a hannun wanda ya san shi.

Akwai kuma ɓangaren labarin da ɗan maƙwabcina bai kawo ba. A watan Mayun 2022 Nepal ta buɗe sabon filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Bhairahawa, kusa da Lumbini. 'Yan kasuwa suka ci bashin banki suka gina manyan otal-otal suna jiran tururuwar baƙi. Jiragen waje suka zo jefi-jefi, wani lokaci ma ba ko ɗaya, cikin dalilai har da rashin samun hanyar shiga ta sararin samaniyar Indiya da ke kusa da filin. Yawancin masu ziyara kuma suka ci gaba da shigowa a motocin safa daga Indiya, su yi 'yan sa'o'i su koma can su kwana. Indiya ma ta buɗe nata filin a Kushinagar a watan Oktoban 2021, jirgin farko ya zo daga Kolombo ɗauke da sufaye, daga nan zirga-zirgar waje ba ta kankama ba.

Mu a Mando ba sai an ba mu labarin wannan ba. A watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyara, aka karkato da jirage zuwa Kaduna. Aka gyara titi, aka sa fitilu, masu otal suka yi sabon fenti. Manyan kamfanonin jiragen Turai suka ce ba za su sauka a Kaduna ba, sai kamfanin Habasha ne ya amince. Fasinjojin da suka sauka kuwa, motoci da jirgin ƙasa na Rigasa suka kwashe su zuwa Abuja da rakiyar jami'an tsaro. Ta gabanmu suka wuce, muna kallonsu ta gilashi.

Saura tambayar da na yi wa dattijon: wane baƙo? Ba na jin ɗan Tailan yana da abin da zai zo nema a Mando, kuma Baturen yawon buɗe ido da ake ta mafarkinsa tun zamanin FESTAC bai taɓa zuwa da yawan da zai riƙe sana'a ba. Amma muna da namu baƙin waje na ibada da tarihi, sun daɗe suna zuwa, ba a dai ƙidaya su a matsayin baƙi ne saboda kamarsu ɗaya da mu. Daga Nijar da Kamaru da Chadi da zangunan Gana mutane suna zuwa Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda ya rasu a 1817, su wuce Wurno inda kabarin Muhammadu Bello yake, su je Gwandu wurin Malam Abdullahi. Suna zuwa Maukibin Ƙadiriyya a Kano, wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa, suna zuwa maulidin Shehu Ibrahim Inyass da ake kewayawa da shi birni-birni. A Katsina ga hasumiyar Gobarau da makwancin Ɗan Marina da Ɗan Masani. A Zariya ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na goma sha tara. Kaduna kanta ta shafe shekaru tana tara jama'a a watan azumi, ga tafsirin Shehu Abubakar Gumi a Masallacin Sultan Bello, ga na Shehu Ɗahiru Usman Bauchi. Ga kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, waɗanda ɗaliban ilmi daga ƙasashe suke nema. Na san malamai sun yi saɓani a kan hukuncin ziyarar kaburbura, wannan fagensu ne. Mai masauki dai bai taɓa tambayar baƙo ɗariƙarsa kafin ya ba shi ruwa ba.

Waɗannan baƙi a zaure da zawiyya da makarantun allo suke kwana, wato a ragowar tsohon tsarin. Da yawansu ba su da kuɗin otal, gaskiya ne. Amma cikinsu akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da tsofaffi marasa lafiya da mata masu goyo, waɗanda za su biya da murna in sun sami wurin da ba za su ji kunyar a gan su a ciki ba. Irin waɗannan mutane ne suke biyan kuɗin jirgi zuwa Kaulaha a Senegal da Fas a Maroko. Abin da suke nema ba boyayye ba ne: wurin da ba a sayar da giya, mai wurin alwala da alamar alƙibla, mai ɓangaren iyali, wanda za a iya samun sahur a cikinsa da ƙarfe huɗu na dare, da yaro mai jin Faransanci ko Zabarmanci ko Larabcin Shuwa, da mai gidan da ya san muƙaddami a Maraɗi ko limami a Kumasi da zai ce wa jama'arsa, in kun je Kaduna ku sauka wurin wane. Na gaya wa maƙwabcina cewa wasiƙa ɗaya zuwa ga irin wannan limami ta fi masa hoton gado da fanka a Facebook. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan sana'ar kakana ce." Na ce ita ce, Alhaji.

Sai dai akwai abin da ya fi ƙarfinsa, ya fi ƙarfina. Masauki reshe ne na hanya, in hanya ta mutu ya bushe. A daren 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin koyon aikin gandun daji da ke Afaka, nan bayanmu, suka sace ɗalibai 39. A watan Agustan shekarar suka kai hari makarantar hafsoshin soja. A ƙarshen Maris 2022, cikin kwana uku, aka kai hari filin jirgin Kaduna da jirgin ƙasan Abuja. Hanyar Birnin Gwari ta yi shekaru ana ratsa ta da rakiya da addu'a, hanyar Sakkwato ta Funtuwa da Gusau ma haka. Irin wannan labari yana isa Yamai da Garwa kafin kowace talla, kuma yana daɗewa a kunne bayan al'amura sun fara lafawa.

A da, tambayar farko da madugu yake yi wa fatoma bayan gaisuwa ita ce labarin hanya. Wannan aiki bai mutu ba, wuri ya sauya. A tashar Mando, direbobi da 'yan kamasho su ne suka san inda aka tare jiya, da ƙarfe nawa ya kamata a tashi, da garin da bai kamata magariba ta riski mutum a cikinsa ba. Idan mota ta iso da dare ɗauke da baƙon da bai san kowa ba, direba yake tambaya inda zai kwana, kuma inda direba ya nuna nan yake zuwa. Maƙwabcina ya yi shekaru yana wucewa ta gaban rumfarsu da safe, sai a makon jiya ya tsaya ya sha shayi da su.